Barbaris na Nesa, Kwarko na Bakin Fadama

Kwalbar ƴar ƙarama ce, fara, an zagaye ta da rubutun Turanci. Wani kawuna da ke noman rake a Bande ne ya zaro ta daga aljihu bayan mun gama gaisawa. Shekara shida ke nan yana fama da ciwon suga. Ɗan wani abokinsa mai fatauci tsakanin Kano da Magarya ya kawo masa ita, ya ce a waya ya ga ana ta yabonta, wai itace ne zalla, babu haɗin Bature a ciki.

"Ɗana, kai da ka yi boko, duba mini. Wane itace ne wannan? Akwai shi a dajinmu?"

Na ce, "Kawu, shi itacen babu shi a ƙasar nan. Amma abin da aka tatso daga jikinsa, akwai ciyawar da ke ɗauke da shi, kuma ka san ta."

Na ɓare kafso ɗaya a tafin hannu. Gari ne mai launin ɗorawa, da na ɗanɗana kuwa sai na tuna maɗaci. Sunansa berberin, an kuma raɗa masa sunan ne daga itacen da masana tsirrai ke kira Berberis, Larabawa su ce barbaris ko ambarbaris.

Barbaris ɗan guntun itace ne mai ƙaya, ba ya cika wuce tsayin mutum biyu. Yana son sanyi da tuddai, shi ya sa ake samunsa a Turai da Iran da gindin duwatsun Himalaya, ba a yashin Damagaram ba. Danginsa sun kai iri ɗaruruwa. Ƴaƴansa jajaye ne ƙanana masu tsami. A Iran, wadda ta fi kowace ƙasa nomansa, musamman a yankin Ƙa'en da Birjand na Kudancin Khurasan, ana shanya su a zuba a shinkafa, suna kiransu zereshk. To amma maganin ba a ƴaƴan ya taru ba. A saiwa yake da sassaƙe. In ka kankare bayan saiwar za ka tarar da cikinta rawaya, mai ɗacin gaske.

Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya kawo shi a cikin littafinsa al-Ƙanun, kuma likitocin Farisa da na Larabawa sun daɗe suna ba da shi don hanta da zafin ciki da gudawa. A Indiya akwai wani irinsa da suke kira daruharidra, wato gangamau na itace, saboda launinsa. Suna dafa shi har ya yi kauri ya zama wani baƙin tsimi mai suna rasaut, su shafa a ido mai ciwo da miki. Mutanen Sin kuma nasu tsiron dabam ne, huanglian, ba ma dangin barbaris na kusa ba ne, amma berberin ɗin nan ne a saiwarsa, kuma har gobe ana sayar da ƙwayoyinsa a shagunan magani na ƙasar don zawo, ba sai da takardar likita ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan tarihi shi ne, al'ummomin da ba su yi shawara da juna ba duk sun tsaya a kan abu uku: ciki, ido da fata, sai hanta. Ruwa ba ya tsami banza. Sai dai da aka zo aka auna, ukun nan ba su fito da nauyi ɗaya ba.

Tun cikin shekarun 1830 masana haɗa magunguna a Jamus suka ware berberin daga saiwar barbaris. Babban abin da aka gano game da shi daga baya, wanda masu talla ba sa faɗa, shi ne da ƙyar yake shiga jini. In mutum ya haɗiye shi, abin da ke isa jijiya bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Bangon hanji yana da wasu ƴan famfuna da ke maido shi waje, wanda ya tsallake kuma hanta ta sarrafa shi. Saboda haka mafi yawansa a hanji yake zama, a nan yake cuɗanya da ƙwayoyin cuta da masu amfani, a nan kuma yake rage ruwan da hanji ke tsiyayarwa lokacin zawo. Ka ga ke nan tsofaffin da suka ce maganin ciki ne ba su yi kuskure ba.

Amma ko a zawon ma akwai iyaka. A 1987 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi wa manya a Dhaka ta Bangaladash, inda aka ba su miligiram 400 sau ɗaya. Masu zawon da wata ƙwayar cuta mai suna E. coli ke kawowa sun sami sauƙi: kashi 42 cikin ɗari zawonsu ya tsaya cikin kwana guda, alhali a waɗanda ba a ba su ba kashi 20 ne. Masu kwalara kuwa, ɗan abin da ya rage musu bai taka kara ya karya ba. Wani gwajin da aka yi a ƙasar Bama a 1985 shi ma bai ga wani abin kirki a kan kwalara ba. Mai amai da gudawa ruwa yake asara, ruwan gishiri da sukari ko ƙarin ruwa a likita ne ke tsayar da shi da rai, kuma babu saiwar da ta taɓa maye gurbin wannan.

Zancen suga, wanda shi ne damuwar kawuna, sabo ne. A shekarun 1980 likitoci a Sin suka lura cewa masu ciwon suga da aka ba berberin don zawo sugansu yana sauka. A 2004 wasu masana na Beijing suka nuna yana rage kitsen jini, ta hanyar sa hanta ta ƙara yawan ƙofofin da take kama mugun kitse da su. Mutum 32 suka gwada wata uku, mugun kitsen ya sauka da kashi 25. A 2008 kuma Jun Yin da abokan aikinsa suka raba mutum 36 da aka gano musu ciwon suga kwanan nan gida biyu: wasu aka ba su maganin suga na asibiti, metfomin, wasu berberin, rabin giram sau uku a yini. Bayan wata uku awon da ke nuna matsakaicin sugan jini na watanni ya sauka daga 9.5 zuwa 7.5 a masu shan berberin, kusan daidai da na metfomin. An kuma gano cewa duka biyun suna tayar da wani mabuɗi guda a cikin ƙwayoyin jiki, wanda ke umartar tsoka ta ƙona suga, hanta kuma ta rage ƙera shi.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ban yarda da masu cewa duk yaudara ce ba. Berberin yana aiki. To amma aikin nasa shi ne dalilin da ya sa ya kamata a ji tsoronsa kamar yadda ake tsoron kowane magani. Mutum 36 na wata uku ba su isa su gaya mana abin da zai faru da ƙoda ko zuciya bayan shekara goma ba. Metfomin tun 1957 ake ba da shi, kuma wani dogon bincike a Birtaniya da aka buga sakamakonsa a 1998 ya nuna yana rage mutuwa a masu ƙiba da ke da ciwon, ba saukar da lamba kaɗai ba. Shi kansa metfomin ɗin asalinsa daga wata ciyawar Turai aka samo hanyarsa, kamar yadda kwinin ya fito daga sassaƙe, maganin zazzaɓi na yau kuma ya fito daga dangin tazargade. Raba magani gida biyu, na itace mai lafiya da na Bature mai illa, raba ce da ba ta da tushe. Bambancin da ke akwai shi ne tsakanin wanda aka auna da wanda ba a auna ba.

Kwalbar kawuna kuwa tana cikin waɗanda ba a auna ba. A Amurka irin waɗannan kafso ba a lissafa su cikin magunguna, ƙarin abinci ake ɗaukarsu, ba a tilasta wa mai yin su ya nuna suna warkarwa kafin ya kai kasuwa. Masu bincike a Jami'ar Kansas sun sayi iri 15 suka auna, tara ba su cika abin da aka rubuta a jikinsu ba, akwai wanda sulusi kawai aka samu. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Faransa, ANSES, ta yi gargaɗi a 2019 cewa daga miligiram 400 a yini berberin magani ne sosai, ta kuma ce mata masu ciki da masu shayarwa da yara da masu ciwon suga ko hanta ko zuciya su nisance shi. Dalilin sa masu ciwon suga a jerin a fili yake: wanda ke shan ƙwayar likita ya ƙara da wannan, sugansa na iya faɗuwa ƙasa warwas yana tsakiyar garka shi kaɗai. Ga shi kuma yana rage wa hanta saurin narkar da wasu magunguna, sai su taru a jini fiye da kima. Duk da haka a 2023 aka yi ta yayata shi a TikTok a matsayin maganin rage ƙiba, daga nan ne guguwar ta biyo waya har ta iso mu.

Yanzu ga ciyawar da na ce wa kawu ya sani. Kwarko, wasu su ce haƙorin kada saboda ƙayoyin bakin ganyenta. Tana fitowa a kufai da juji da gefen fadama bayan ruwa ya janye, ganyenta kore mai toka-toka da farin zane, furenta rawaya, in ka karya ta kuma ta zubo da ruwa mai launin ɗorawa. Asalinta daga Meziko ne, sunanta na masana Argemone mexicana, amma ta daɗe a ƙasar Hausa har wani likita mai suna Dalziel ya rubuta sunayenta a littafinsa na tsirran Hausa a 1916. Berberin yana cikin abin da ya ba ruwanta wannan launi, tana kuma ɗauke da wasu ƴan uwansa biyu, furotofin da alokiriftofin.

Labarin da ya fi dacewa mutumin Bande ya ji game da ita a Mali ya faru. Sashen maganin gargajiya na gwamnatin ƙasar da ke Bamako, ƙarƙashin Farfesa Drissa Diallo, da wasu likitoci daga Suwizalan da Ingila, sun yi wata dabara mai sauƙi wadda ban ga dalilin da zai hana a yi ta a ko'ina ba. Maimakon su tambayi bokaye me suke bayarwa, sai suka bi gida-gida a yankin Sikasso da Bandiagara suna tambayar iyaye: da yaronki ya yi masassara kwanan nan, me kika ba shi, kuma yaya ya ƙare? Suka tara labarin mutum 952. Tsirrai fiye da sittin aka ambata, amma guda ɗaya ce ta yi fice wajen yawan waɗanda suka ce sun warke, ita ce kwarko. Ba ita ce aka fi amfani da ita ba, ba kuma ita ce ta fi suna ba.

Daga nan suka je ƙauyen Missidougou, wurin wani mai gari kuma mai magani, Tiemoko Bengaly, wanda ke dafa ganyenta yana ba masu zazzaɓi. Ba su karɓe aikin daga hannunsa ba. Shi ke ba da magani, su kuma suna duba jini suna bin marasa lafiya. Mutum 80 aka bi, aka raba su bisa yawan shan. Waɗanda suka sha sau ɗaya a yini na kwana uku, kashi 35 cikin ɗari ne suka murmure yadda ake so. Masu sha sau biyu a yini na mako guda, kashi 73. Waɗanda aka ninka musu zuwa sau huɗu kuwa, kashi 65, wato ƙarin bai ƙara komai ba. Ganye ɗaya, tukunya ɗaya, mai magani ɗaya, amma awo ya raba sakamakon ninki biyu. A ganina duk wanda ke sayar da jiƙo a kasuwa yana cewa "sha iya cikinka" ya kamata a karanta masa waɗannan lambobi uku.

A 2010 aka buga gwaji na biyu, na mutum 301, inda aka gwada dafaffen kwarko da maganin zamani na artesunat da amodiyakin. Cikin kwana 28, kashi 89 na masu shan kwarko ba su bukaci wani magani ba, a ɗaya ɓangaren kuma kashi 95. Wannan sakamako ne da ya cancanci girmamawa. Amma akwai abin da ke ƙarƙashinsa da bai kamata a ɓoye ba: a yawancin masu shan kwarko ƙwayar cutar ba ta fita daga jini duka ba, raguwa ta yi har jiki ya iya da sauran. Shi ya sa ya fi yi wa manya da yaran da suka wuce shekara biyar aiki, waɗanda sauro ya riga ya cije su shekara da shekaru jikinsu ya saba. Masu binciken sun kuma fi karkata ga cewa furotofin da alokiriftofin ne ke yin aikin, tun da shi berberin ba ya shiga jini sosai. Kuma sun ɗauke shi ne a matsayin abin da za a fara da shi a ƙauyen da ke nesa da likita, ba abin da za a zauna a kansa in ciwo ya yi tsanani ba.

Wannan iyaka ta shekara biyar ita ce ta fi shafarmu. Wanda ya san asibitin Magarya a watan Agusta da Satumba ya san su wa zazzaɓin cizon sauro ke ɗauka. Ƙungiyar likitoci ta na-gari-na-kowa, MSF, tana aiki a sashen yara na wurin tun 2005, kuma a daminar 2018 ta ba da sanarwar cewa kusan yara goma ke rasuwa a kowace rana a sashen, akasarinsu da zazzaɓi haɗe da tamowa, da yawa an kawo su a makare. Yaro ɗan shekara biyu da ke Bande ko Dungas ba shi da wannan sabo na jiki da ya taimaki manyan Missidougou. Nasa shi ne gwajin jini a yatsa, maganin da ke kashe ƙwayar duka, gidan sauro, da ƙwayoyin rigakafin damina da aka fara rabawa a yankin tun 2013. Duk wanda ya ɗauki labarin Mali ya mai da shi hujjar ajiye yaro mai zafin jiki a ɗaki kwana uku ana ɗura masa ɗaci, ya karanta shi a juye.

Akwai kuma haɗari a jikin ita ciyawar kanta. Ganye aka dafa a Mali, an kuma kula ƙwarai kada ƴaƴan su shiga. Ƙwayar kwarko baƙa ce ƙarama, tana da mai, a cikin man kuma akwai dafi mai suna sangwinarin da ke sa jijiyoyin jini su riƙa yoyo. Ƙafafu su kumbura, zuciya ta gaza, ido ya lalace. A Delhi a 1998 an gauraya man kwarko da man girki, mutum fiye da 3,000 suka kwanta, fiye da 60 suka mutu. Mai tsinko kwarko da rani, lokacin da ƙwansonta ya bushe ya fashe, in bai san wannan ba zai haɗa magani da dafi a turmi ɗaya. Haka ma ɗiga ɗanyen ruwanta a ido, wanda ake yi a wurare da yawa, ba abin da zan yarda a yi wa nawa ba ne.

Saura na ukun, hanta da shawara, kuma nan ne na fi jin nauyi. A ƙasashe da yawa mutane sun ɗauka cewa saiwa mai launin rawaya ita ce maganin ciwon da ke mai da ido rawaya. Mu ma muna da wannan tunani. Saiwar rawaya, tsiron nan da launin kansa ya ci sunansa, da ita ake yi wa shawara jiƙo tun kaka da kakanni, haka ma tafashiya. To amma kama da wane ba ta wane. Launin saiwar rawaya daga wasu sinadarai ne dangin na karas, ba berberin ba ne, kuma hukuncinsu dabam. Shi berberin, ga jariri mai shawara, abokin gaba ne. Abin da ke sa idon jariri ya yi ɗorawa wani sinadari ne, bilirubin, wanda jini ke ɗaure shi a jikin wani furotin don kada ya isa ƙwaƙwalwa. Wani bincike da aka buga daga Singafo a 1993 ya nuna berberin yana ture shi daga wannan maɗauri ya sake shi. In ya isa ƙwaƙwalwar jariri, abin da ke biyo baya kurumta ne ko shanyewar gaɓoɓi ko mutuwa. Tun 1978 Singafo ta hana sayar da huanglian da berberin saboda jarirai masu wani rashi na gado a jini da ake kira G6PD, ba ta fara sassautawa ba sai 2013. Wannan rashi kuwa yana da yawa a Afirka ta Yamma, musamman a maza, kuma yawancin masu shi ba su sani ba.

Sai a tuna da al'adarmu ta dauri. Jariri bai yi kwana bakwai ba kaka ko ungozoma ta jiƙa masa sassaƙe da saiwoyi masu ɗaci don ya yi ƙwari. Da ƙauna ake yi, ba na shakka. Amma in kwarko ta shiga wannan ƙoƙo, ko mai jego ta sha kafson nan don ta rage jiki bayan haihuwa alhali tana shayarwa, to an kai abin inda ya fi ko'ina haɗari. Jaririn da idonsa ya yi ɗorawa a makon farko likita ake kai shi a ranar, akwai fitilar da ake sa shi a ƙarƙashinta.

Ban ce a watsar da sanin masu maganinmu ba. Tun 1980 wani masani mai suna Adjanohoun da tawagarsa suka tattara tsirran magani na Nijar a littafi, jerin sunaye ba shi ne ya yi mana ƙaranci ba. Abin da ba a cika yi ba shi ne tambayar da aka yi a Sikasso: wa ya sha, nawa ya sha, yaya ya ƙare? Wannan aiki ba ya bukatar na'ura mai tsada. Ɗaliban Jami'ar André Salifou ta Damagaram da ma'aikatan gidajen likita na ƙauyuka da ƴan mai ganye na kasuwannin Bande da Wacha da Dungas za su iya yin sa cikin damina biyu, in aka zaunar da su a tabarma ɗaya, aka kuma yarda cewa sakamakon zai iya ɗaga wani tsiro ya kuma kayar da wani da ake ji da shi.

Kawuna ya saurare ni har na gama, yana jujjuya kwalbar.

"To yanzu in zubar ke nan?"

Na ce, "Kada ka zubar, Kawu, kada kuma ka ƙara sha tukuna. Gobe mu tafi da ita wurin likitan da ke duba ka, tare da ƙwayoyin da ya rubuta maka, ya ga duka biyun, a auna sugan."

Ya ce ai kwana tara ke nan da ya ajiye na likitan, tun ranar da aka kawo masa wannan. Washegari da sassafe, kafin ya karya, muka hau babur zuwa Magarya.